Tarihin Gano Asalin Hasken Eksire Mai Giftawa a Sararin Samaniya

A ilimin falaki, wato nazarin taurari da sauran halittun sama, akwai wasu maɓuɓɓugan hasken eksire da ake kira masu giftawa, domin sukan ɓullo kwatsam a gurbin da ba a taɓa ganin komai ba, su haskaka na daƙiƙu ko sa'o'i ko watanni, sannan su dusashe har na'ura ta daina jin ɗuriyarsu. Eksire shi ne hasken nan da ido ba ya gani wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da ƙirji da shi a asibiti, kuma masanin Jamus Wilhelm Röntgen ne ya gano shi a 1895. A sama, irin wannan haske ba ya fitowa da yawa sai daga iskar gas da zafinta ya kai miliyoyin digiri, ko daga ƙananan ƙwayoyin zarra da aka ingiza da gudun da ya kusanci na haske, saboda haka duk inda ya tashi farat ɗaya, to wani gagarumin al'amari ne ya auku. Abin da ya sha wa masana kai fiye da shekara hamsin shi ne cewa walƙiyar kaɗai ba ta faɗin abin da ya haife ta, tunda halittu mabambanta ƙwarai suna iya yin walƙiya mai kama da juna. A kowane zamani abubuwa uku ne suka riƙa kwance wannan ƙulli: sanin ainihin gurbin walƙiyar, hanzarin juya wasu madubai zuwa gurbin kafin hasken ya mutu, da adana tsofaffin bayanan da za a koma a kwatanta.

Zamanin rokoki

Iskar da ta lulluɓe duniya tana shanye eksiren da ke zuwa daga sama kafin ya iso ƙasa, wanda rahama ce ga masu rai, amma katanga ce ga mai bincike, don haka fannin bai samu ba sai da aka mallaki rokar da za ta ɗaga na'ura sama da wannan lulluɓi. A 1949 Herbert Friedman da abokan aikinsa a Amurka suka yi amfani da rokar V-2 da aka kwaso daga Jamus bayan Yaƙin Duniya na Biyu suka tabbatar rana tana fitar da eksire, sai dai hasken ranar ya yi rauni ƙwarai, har aka ɗauka ba za a iya hango na sauran taurari masu nisa ba. A watan Yuni na 1962 tawagar Riccardo Giacconi da Bruno Rossi da Herbert Gursky da Frank Paolini ta harba roka daga White Sands a jihar New Mexico da niyyar neman eksire daga wata, kuma a cikin 'yan mintunan da na'urar ta yi a sama sai ta ci karo da wata maɓuɓɓuga mai tsananin ƙarfi a ɓangaren burujin Akrabu, wadda aka sa wa suna Sco X-1. Na'urorin lokacin ba sa nuna gurbi sai a dunƙule, a cikin faɗin da ya ƙunshi dubban taurari, kuma sai a 1966, bayan masanin Japan Minoru Oda ya ƙirƙiro wata ragar wayoyi da ake sawa a gaban na'ura don taƙaita gurbi, aka iya nuna wani ɗan tauraro mai launin shuɗi a matsayin mai wannan haske. Shekara guda bayan haka masanin Rasha Iosif Shklovsky ya kawo shawarar cewa tauraron niyutiron ne yake zuƙar gas daga maƙwabcinsa.

Tauraron niyutiron shi ne ƙullutun da ke saura bayan katafaren tauraro ya fashe, wanda nauyinsa ya fi na rana amma faɗinsa bai wuce kimanin kilomita 20 ba. A lokacin da Shklovsky ya yi maganarsa, lissafi ne kawai ya san da irin wannan halitta, kuma hujjar samuwarta ta zo ne ta hanyar da ɗan Nijeriya yake da hannu a ciki. A shekarar 1054 masu duban sama na ƙasar Sin sun rubuta ɓullowar wani sabon tauraro a burujin Sauru, haka ma likitan nan na Bagadaza Ibn Butlan ya ambaci fitowarsa, kuma ragowar wannan fashewa ita ce gajimaren gas da ake kira Ƙaguwa. Samuel Okoye, wanda ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Cambridge tare da Antony Hewish, ya gano a tsakiyar shekarun 1960 cewa akwai wata ƙanƙanuwar maɓuɓɓugar igiyar rediyo mai ban mamaki a cikin gajimaren. Bayan Jocelyn Bell ta gano taurari masu bugawa a kai a kai a 1967, sai aka fahimci a 1968 cewa abin da Okoye da Hewish suka gani tauraron niyutiron ne mai juyawa kimanin sau 30 a daƙiƙa. Da yake eksiren Ƙaguwa ba ya cika sauyawa, masana suka mayar da shi ma'aunin da suke gwada ƙarfin sauran maɓuɓɓugai da shi.

A cikin waɗannan shekaru ne aka fara lura cewa samaniyar eksire ba ta zama wuri guda. A watan Afrilu na 1967 wata roka da aka harba daga Woomera a Ostireliya ta ga maɓuɓɓuga mai ƙarfi, Cen X-2, a inda rokokin baya ba su ga komai ba, kuma kafin ƙarshen shekarar ta dusashe. Tunda leƙen roka na mintuna ne kuma gurbin da ta bayar mai faɗi ne, ba a samu damar kama tauraron da ya yi wannan haske ba. A watan Yuli na 1969 kuma taurarin ɗan'adam na Vela, waɗanda Amurka ta harba don sa ido kan yarjejeniyar 1963 ta taƙaita gwajin makaman nukiliya, suka ga wata maɓuɓɓugar, Cen X-4, ta tashi ta yi makonni tana haske sannan ta ɓace. Waɗannan biyun sun nuna cewa ana bukatar ido mai zama a sama dare da rana.

Daga gaɓar Malindi

Wannan ido ya tashi ne daga Afirka. A ranar 12 ga Disamba, 1970, aka harba tauraron ɗan'adam na farko da aka keɓe wa nazarin eksire daga dandalin San Marco, mallakar Italiya, wanda ke cikin teku kusa da Malindi a Kenya, kuma da yake ranar ta dace da bikin samun 'yancin ƙasar sai aka raɗa masa suna Uhuru, wato 'yanci. An zaɓi wurin ne saboda kusancinsa da layin tsakiyar duniya, inda juyawar ƙasa ke ƙara wa roka gudu, kuma falakin da ake samu daga can yana kauce wa yankunan da ƙwayoyi masu caji ke dagula na'ura. Uhuru ya tattara jerin maɓuɓɓugai 339, amma babban abin da ya bari shi ne Cen X-3, wadda aka ga tana bugawa duk bayan daƙiƙa 4.8, tana kuma ɓuya duk bayan kwana biyu da ɗan ɗoriya sa'ad da ta shiga bayan wani babban tauraro. Da wannan aka tabbatar da tsarin da ya zama ginshiƙin fannin: taurari biyu ne ke zagaya juna, ƙaramin mai tsananin nauyi yana janyo gas daga babban, gas ɗin yana kewaya shi cikin siffar faifai yana gogayya da kansa, har zafinsa ya kai matakin fitar da eksire kafin ya faɗa.

Daga dandalin na San Marco dai aka harba tauraron Birtaniya mai suna Ariel 5 a watan Oktoba na 1974, kuma shi ne ya kama walƙiyar da ta fi kowace koyar da masana yadda ake wannan aiki. A farkon Agustan 1975 masu bincike na Jami'ar Leicester suka ga wata raunanar maɓuɓɓuga a rukunin taurarin Monoceros, wanda ke gabas da taurarin nan uku masu jere a layi guda da mutanen Kankiya da Kusada ke gani can sama a dararen Disamba da Janairu. Cikin kwanaki kaɗan maɓuɓɓugar, wadda aka kira A0620-00, ta zarce Sco X-1, ta kai kusan ninki 50 na hasken Ƙaguwa. Da aka taƙaita gurbinta, masu madubai a ƙasa suka tarar da wani tauraro da haskensa ya ninku sau ɗaruruwa. Daga nan masana suka koma ɗakin ajiyar Jami'ar Harvard, inda aka adana dubban ɗaruruwan faifayen gilashi na hotunan sama tun daga ƙarshen ƙarni na 19, suka riƙa zaro na wannan yanki ɗaya bayan ɗaya, har suka tarar da ɗigon tauraron ya yi kauri a faifayen 1917. Wannan ya nuna cewa abin ya taɓa faruwa shekara 58 da suka wuce, don haka ba mutuwar tauraro ba ce, tunda tauraro ba ya fashewa ya tarwatse sau biyu.

Amsar ƙarshe ta jira har sai da hasken ya lafa, domin a lokacin ne kaɗai ake iya ganin ɗan ƙaramin tauraron da ake zuƙar gas ɗinsa. Idan aka rarraba hasken tauraro zuwa launukansa, akan ga wasu siraran layuka da sinadaransa ke bari, kuma layukan sukan gusa wajen shuɗi idan yana tahowa, su gusa wajen ja idan yana nisanta. A 1986 Jeffrey McClintock da Ronald Remillard suka auna wannan gushewa suka ga tauraron yana gudun fiye da kilomita 400 a daƙiƙa, yana kammala zagaye cikin sa'o'i bakwai da minti 45 a kewayen abin da ba a gani. Lissafi ya nuna cewa abin da zai iya riƙe shi a wannan gudu dole ya haura nauyin rana sau uku, alhali tauraron niyutiron ba ya iya ɗaukar nauyin da ya wuce haka ba tare da ya rufta ba. Abin da ya rage shi ne baƙin rami, wato wurin da ƙarfin jan nauyi ya tsananta har haske ma ba ya kuɓuta daga cikinsa, kuma awon baya ya sa nauyinsa a wajen ninki shida zuwa bakwai na rana. An bi wannan hanya a kan V404 Cygni, wanda tauraron Japan mai suna Ginga ya ga tashinsa a 1989, aka gano shi ne tauraron da ya taɓa haskawa a 1938, sannan Jorge Casares da abokansa suka auna shi a 1992 suka samu hujjar da ta fi ƙarfi.

Dalilin dogon shirun da ke tsakanin tashi da tashi yana cikin faifan gas ɗin ne. Muddin gas ɗin yana da ɗan sanyi, gogayyarsa ba ta da yawa, sai ya riƙa taruwa a gefen faifan shekara da shekaru kamar ruwan da ke taruwa a bayan madatsar ƙasa. Da zarar cunkoso ya ɗaga zafinsa zuwa dubban digiri, inda sinadarin haidurojin ke rabuwa da lantarkinsa, sai gogayya ta ƙaru nan take, abin da aka tara ya kwarara ciki cikin makonni, eksire ya tashi, sannan faifan ya huce a sake sabon taro.

Fashewar daƙiƙu da maganaɗisu mai tsanani

A 1975 Jonathan Grindlay da John Heise, suna aiki da tauraron Holan mai suna ANS, suka ga wata irin walƙiya dabam daga cikin dunƙulen taurari NGC 6624, wadda ke tashi cikin kimanin daƙiƙa guda ta lafa cikin daƙiƙu kaɗan. Masu nazari irin su Stanford Woosley da Ronald Taam da Paul Joss suka nuna cewa gas ɗin da ya sauka a doron tauraron niyutiron yana danne juna har hiliyom ɗin cikinsa ya kama da wutar nukiliya gaba ɗaya. Wannan fahimta ta bai wa masana ma'aunin tantancewa mai sauƙi, domin irin wannan fashewa tana bukatar doron da gas zai taru a kai, baƙin rami kuwa ba shi da doro. Da Cen X-4 ta sake tashi a 1979, tauraron Japan mai suna Hakucho ya kama ta tana irin wannan fashewa, aka kuma gano tauraron da ke tare da ita, ta haka aka san bayan shekara goma cewa tauraron niyutiron ne.

A ranar 5 ga Maris na shekarar ta 1979 wata walƙiya mai tsananin ƙarfi ta ratsa kumbuna da dama da ke warwatse tsakanin duniya da Zahra da kewayen rana, kuma ta hanyar kwatanta bambancin lokacin da ta isa kowane kumbo aka taƙaita gurbinta zuwa ragowar wata fashewar tauraro a garken taurarin Magellan Babba. Wutsiyarta tana bugawa duk daƙiƙa takwas, abin da ya yi nuni da tauraron niyutiron, amma ƙarfinta ya wuce abin da zuƙar gas za ta iya bayarwa. A 1992 Robert Duncan da Christopher Thompson suka kawo bayanin cewa akwai taurarin niyutiron masu maganaɗisun da ya ninka na 'yan'uwansu sau ɗaruruwa, wanda ke tsage ɓawonsu ya saki makamashi, kuma a 1998 Chryssa Kouveliotou ta auna saurin raguwar juyawar ɗaya daga cikinsu ta tabbatar da hakan.

Tseren sa'o'i da mintuna

Matsalar da ta fi daɗewa ita ce ta walƙiyar gamma, hasken da ya fi eksire ƙarfi, wadda Vela ya fara gani a 1967 aka kuma bayyana wa duniya a 1973. Kusan shekara talatin ana jayayya kan ko daga cikin garken taurarinmu take ko daga can ƙuryar samaniya, saboda takan wuce cikin daƙiƙu ba tare da barin gurbi ba. Eksire ne ya raba gardamar. A ranar 28 ga Fabrairu, 1997, tauraron BeppoSAX na Italiya da Holan ya kama wata walƙiya, masu kula da shi suka juya shi cikin sa'o'i takwas, ya tarar da ragowar eksire tana dusashewa, kuma da wannan gurbi tawagar Jan van Paradijs ta hango ragowar hasken da madubin tsibirin La Palma. A watan Mayu na shekarar aka auna nisan wata walƙiyar aka samu biliyoyin shekarun haske, shekarar haske kuwa ita ce tazarar da haske ke ci cikin shekara guda. Daga baya aka danganta dogayen walƙiyoyin da ruftawar manyan taurari, gajerun kuma da karon taurarin niyutiron biyu, kamar wanda aka kama a ranar 17 ga Agusta, 2017.

Tauraron Swift da aka harba a 2004 ya mayar da sa'o'in BeppoSAX mintuna, domin yana juya kansa da kansa yana kuma aika gurbi ga masu madubai a faɗin duniya cikin daƙiƙu. A ranar 9 ga Janairu, 2008, Alicia Soderberg da Edo Berger suna duban wata fashewar tauraro da ta riga ta auku a garken NGC 2770 sai sabuwar walƙiyar eksire ta mintuna kaɗan ta tashi a wani gefen garken, kuma da aka ci gaba da lura sai sabuwar fashewar tauraro ta bayyana a gurbin, aka gane cewa an ga lokacin da girgizar fashewa ta fasa fatar tauraron ta fito. A ranar 28 ga Maris, 2011, Swift ya ga wata walƙiyar da ta ƙi mutuwa, tana tashi tana faɗuwa kwanaki, kuma da aka tabbatar gurbinta yana daidai cibiyar wani garke mai nisa, sai aka fahimci katon baƙin rami ne ya yayyaga tauraron da ya kusance shi, abin da Jack Hills a 1975 da Martin Rees a 1988 suka yi hasashensa.

Duk da haka akwai rukunin da ya ci gaba da kuɓucewa, wato walƙiyoyin eksire na mintuna zuwa sa'o'i da ake tsinta a rumbun bayanan madubin eksire na Chandra bayan an makara. Ɗaya da aka gani a Oktoban 2014, mai suna CDF-S XT1, har yanzu masana sun rabu a kan asalinta, domin lokacin da manyan madubai suka juya babu sauran hasken da za a rarraba. Don toshe wannan giɓi ne ƙasar Sin, tare da haɗin gwiwar Turai, ta harba Einstein Probe a ranar 9 ga Janairu, 2024, da madubi mai ɗimbin ƙananan ramuka masu kusurwa huɗu, wanda Roger Angel ya tsara tun 1979 bisa ginin idon wata halittar ruwa dangin ƙaguwa, kuma yana kallon babban yanki na sama a lokaci guda. A ranar 15 ga Maris, 2024, ya kama walƙiyar da ta ɗauki kimanin minti 17, bayan kamar sa'a guda wani madubi a Afirka ta Kudu ya hango haskenta, sannan manyan madubai a Hawaii da Chile suka nuna hasken ya yi tafiyar kimanin shekara biliyan 12.5. An kuma samu walƙiyar gamma tare da ita, abin da ya nuna cewa aƙalla wasu daga cikin wannan rukuni dangin walƙiyar gamma ne.

Gurbin Afirka ta Yamma

Tunda walƙiya ba ta jiran dare ya yi a Chile ko Hawaii, wannan fanni yana dogara da madubai da ke warwatse a duk sassan duniya, kuma Afirka ta riga ta shiga sahu da madubin SALT na Sutherland da aka buɗe a 2005, da faranta 64 na MeerKAT da aka ƙaddamar a 2018, da farantin rediyo mai faɗin mita 32 na Kuntunse a Ghana wanda aka sauya daga aikin sadarwa a 2017. A Nijeriya akwai Cibiyar Nazarin Sararin Samaniya ta Nsukka, garin da Okoye ya daɗe yana koyarwa. Ƙasar Katsina ta tsakiya, wadda ke wajen digiri 12 da rabi arewa da layin tsakiyar duniya, tana ganin dukan samaniyar arewa da mafi yawan ta kudu, ko da yake hazon hunturu da gajimaren damina suna rage dararen da madubi zai yi aiki. Aikin kuma bai tsaya ga manyan na'urori ba, domin a tashin V404 Cygni na Yunin 2015 masu sha'awar duban taurari da ƙananan madubai sun ba da gudummawar awon da ya shiga sakamakon bincike. Bayanan Swift a buɗe suke ga kowa a intanet, na Chandra ma akan sake su bayan wani lokaci, kuma a cikin irin waɗannan rumbuna ne aka tsinci da dama daga cikin walƙiyoyin da ake muhawara a kansu yau. Ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, idan ya samu kwamfuta da wutar lantarki da malamin da zai koya masa lissafi da sarrafa bayanai, yana iya shiga wannan bincike daga inda yake, kuma samar masa da waɗannan abubuwa nauyi ne da ya rataya a wuyan jami'o'i da hukumomin ilimi na yankin.